Makirufon da Na Ajiye a Kan Turmi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki fatan alheri, ina roƙon Allah ya tsare ki a tafiyar nan ta Kaduna, ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa a gidan rediyon da suka ɗauke ki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce ta raba ɗakinsa da naki. Na gwada faɗa miki da baki ya fi a ƙirga, duk sanda na buɗe baki sai in ji na koma zancen kuɗin mota da wanda zai tarbe ki a tasha. Shi ya sa na rubuta, na sa a jakar kwamfutar nan da na ba ki, tare da makirufo da hedifon ɗina. Na san kin karanta aikin nan a makaranta, kin san sunayen abubuwa da Turanci waɗanda ni har yau da yatsa nake nuna su. Ni a kan muryoyin mutane na koya, na ɓata na wasu kafin in iya, saboda haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Ga abin da nake so. Kafin ki wuce Kaduna, ki ɗauki kayan nan ki je Ɗantutture wurin kakarki Inna, ki ɗauki muryarta. Jikinta ya yi rauni, kin gani da idonki da salla, kuma ba na jin za a samu zama biyu. Akwai maganar da ta taɓa yi a kan mahaifiyarki Rabi, Allah ya jiƙanta, ta yi ta domin ke, a gaban makirufona, kuma ni na lalata ta. Ba ki taɓa sanin an yi ba, don ban taɓa gaya miki ba. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da ƙananan kurakuran, domin su ne ya kamata su koya mini hankali tun da wuri, ba su koya mini ba.

Lokacin da na buɗe shagon ɗaukar murya a bayan kasuwa, ina jin kaina ƙwarai. Masu kwamfuta a garin nan ba su da yawa, mutane kan leƙo su ga zanen murya yana gudu a allo su yi ta salati. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya buɗe sabon sito, ya zo yana son talla da za a sa a lasifikar mota a zaga da ita ranar kasuwa. Ya zo da mai shela, wani ƙato mai murya kamar daga rijiya. Na tsayar da shi gaban makirufo na ce ya ce wani abu in gwada. Kin san halin mutanenmu in an ce su yi magana don gwaji, sai kunya ta kama su. Ya sunkuyar da kai ya ce bismilla a hankali. Na ga sandar nan mai rawa a allo, wadda ke nuna ƙarfin muryar da ke shiga, ko motsin kirki ba ta yi ba, sai na ja ma'aunin ƙarfin makirufo sama har ta cika. Da aka fara aiki na gaske mutumin ya buɗe maƙogwaro, sanda ta haye ja ta zauna can. Ni kuwa ina murna, a zatona ja alamar ƙarfi ce, talla kuma ai ƙarfi ake so.

Ranar kasuwa motar ta bi ta gaban shagona. Muryar ta fashe, tana tsagewa, ko sunan siton ba a ganewa. Masu shayi suna dariya. Kafin azahar sai ga Alhaji a bakin ƙofa.

"Malam Sada, wanga abu da ka yi mani, murya ce ko injin niƙa?"

Na dube shi ido cikin ido na ce aikina lafiya lau yake, lasifikar mai motar ce ta mutu. Ya yarda, ya sallami mai motar ya nemo wani. Ni kuma na sake ɗaukar tallar a ɓoye, na ce gyara kawai na ƙara mata. Mai motar nan har ya rasu muna gaisawa, yana ce mini ranka ya daɗe, bai san ni na raba shi da aikinsa ba.

To ki ji. Sandar nan tana da kore, da ruwan ɗorawa, da ja. Maganar mutum ta yau da kullum ki bar ta tana wasa a saman kore, in ya ɗaga murya ta taɓa ruwan ɗorawa ta dawo. Ja kuwa kada ki bari ta zauna can ko kaɗan. Muryar da ta ɗan yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta fashe ta fashe ke nan, in kin rage ta sai ki samu fasasshiyar murya mai sanyi, ba abin da ya ƙaru. Kuma kada ki saita ƙarfin makirufo a kan "ce wani abu". Ki ja mutum da hira, ki tambaye shi yadda damina ta yi masa, ki ba shi dariya, ki ji inda muryarsa take kaiwa in ya manta da ke, a nan za ki saita. Ki tuna ƙarfin nan wuri biyu ake murɗa shi, akwai na jikin makirufon, akwai na cikin saitin kwamfuta. In kin ɗaga ɗaya kin manta kin ɗaga ɗayan, ke da ja kun ƙulla zumunci. In kuma kika ɓata aiki, ki ce ke kika ɓata, kada ki nemi mai motar da za ki ɗora wa.

Kuskure na biyu ya fi ban dariya in ba da kai ya faru ba. Wani malami a Birchi yana karatun littafi ga magidanta duk mako, suka ce in zo in ɗauka don waɗanda ke tafiya ci-rani su riƙa saurara. Na kafa makirufo a gaban Malam, na gwada, komai daidai. Sai na ga waya ta gitta inda mutane za su bi, na zare ta daga kwamfuta na bi da ita ƙarƙashin tabarma, na mayar na soka, na koma baya jikin ginshiƙi na zauna. Abin da ban sani ba, da na zare wayar nan kwamfuta ta koma kan ɗan ƙaramin makirufon da ke jikinta, kuma da na mayar ba ta dawo ba. Sanda tana rawa a allo, na ce alhamdulillahi. Na ɓare goro. Karatu ya yi nisa, na yi hamma, na karkata wajen na kusa da ni na ce masa Malam fa in ya kama ba ya saki, ga babur ɗina na bari a rana.

Aka tashi, na zuba wa kowa a wayarsa ba tare da na saurara ba, don ina sauri. Karatun Malam yana can nesa kamar daga wata unguwa, tauna goro da hamma da zancen babur kuwa tar, kamar a kunnenka nake. Bayan 'yan kwanaki muka haɗu da Malam a Kurfi wajen ta'aziyya. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Malam Sada, ya babur? Allah dai ya sa rana ba ta yi mashi illa ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi wata ban bi ta Birchi ba, in tafiya ta kama sai in zaga.

Rawar sanda ba ta nufin muryar da kike so ce ke shiga, tana nufin wani abu yana shiga ne kawai. Kafin ki fara, ki buɗe saitin sauti ki karanta sunan makirufon da kwamfuta ta zaɓa, sannan ki duba cikin manhajar ɗaukar ma, don wani lokaci kowanne da nasa zaɓin. Ki karce kan makirufon da farce a hankali, in sanda ta yi tsalle shi ne, in ba ta yi ba ki karce kusa da allon kwamfuta ki ga ɓarawon. Duk sanda waya ta fita ta koma, ko kwamfuta ta mutu ta tashi, ki sake karcewa. In sanda ta ƙi motsi gaba ɗaya kada ki ruɗe ki hau murɗe-murɗe, fara duba ɗan maɓallin kashe murya na jikin makirufon, sai wayar, sai ki ga ko kwamfuta ta hana manhajar amfani da makirufo. In kika ji wani ƙugi a ƙasan murya wanda ba ya yankewa, zare caja, sau da yawa ita ce, musamman in janareta ake. Kuma kada ki miƙa wa kowa aikin da ba ki saurara da kunnenki ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Kina ƙarama ƙwarai Rabi ta rasu, ba ki riƙe ko kamanninta ba. Kin sha tambayata yadda take, in ba ki amsa guntu-guntu, kina zaton rowa nake yi. Ba rowa ba ce, zamanmu bai yi tsawo ba, kuma abin da na sani na matar aure ne, ƙuruciyarta da halinta na gidansu Inna ce ta sani. Ita kuwa Inna kin santa. Rabi 'yar farinta ce, ko tana raye ba ta kama sunanta, ba ta zancenta a gaban mutane, balle bayan ta rasu. Haka aka tarbiyyantar da su a ruga, ko da Hausa ta cinye bakinsu wannan bai tafi ba.

Shekarar da kika shiga firamare Inna ta kwanta ciwo har aka fara cire rai. Sai ta aiko kawunki Buba, ƙanen mahaifiyarki, ya same ni a shago. Ya ce Inna ta ce in zo da abin nan nawa mai riƙe magana, tana da saƙon da za a ajiye wa yarinya har ta girma. Na gane abin da take nufi. Abin da ba za ta iya faɗa wa mutum ido da ido ba take so ta faɗa wa ƙarfe, a ɗakin da ba kowa.

Na ɗaure kaya a babur na tafi da hantsi. A nan ne ilimina duk ya tashi a banza, Ummi, domin Inna surukata ce. Tunda na auri 'yarta ban taɓa shiga ɗakinta ba, ban taɓa cin abinci tana gani ba, gaisuwa daga nesa nake yi a durƙushe, kaina a ƙasa. Buba ya shigar da ni tsakar gida ya ce ta ce kowa ya fita, shi ma ya fita wajen shanu. Na tsaya da makirufo a hannu ban san inda zan sa shi ba. Wurinsa taƙi ɗaya daga bakinta, na sani sarai. Amma in ɗaga labule in shiga in durƙusa gaban gadonta in kai hannu kusa da fuskarta, ƙafata ta ƙi. Da na kira Buba ya shigar mini da shi da an wuce wurin, amma har wannan na ji nauyin ɗaga murya a gidan. Sai na kifar da wani turmi a bakin ƙofa ta waje, na ɗora makirufon a kai, na ja waya har gindin bishiyar bedin da ke can gefen danga, na zauna na ba ɗakin gefe.

Na yi sallama daga can, ta amsa da ƙarfi yadda za ta kai inda nake, ta tambayi hanya da mutan gida. A kan wannan gaisuwar na saita. Na ga ta yi ƙasa, sai na ja ma'aunin har ƙarshe, na shiga saiti na ƙara abin nan da ke ƙara wa makirufo ƙarfi a kan ƙarfinsa, na kuma bar wanda ke daidaita ƙarfi da kansa a kunne, wai ya taimake ni. Hedifon yana cikin jaka. Na taɓa shi na janye hannu, don a ganina rashin ɗa'a ne in toshe kunne a gidan surukai ana magana. Gwaji kuwa, in ce wa Inna ta maimaita in ji, ko a mafarki. Na danna, na ce a hankali an shirya.

Ta fara. Daga farko ina jiyo sautin maganarta ba tare da na gane kalmomin ba, sai muryar ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, har ta koma kamar mai lazimi. Kuma na lura, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ba zan ce ban sani ba. Na san mai zancen 'yar farinta da ta binne ba da muryar gaisuwa za ta yi ba. Na dubi allo, sanda tana rawa a kore gwanin sha'awa, na ce wa zuciyata ai ga shi yana shiga. Alhali na sha wannan a Birchi. Kaji suna tono kusa da turmin, maƙwabta suna daka, iska tana kaɗa ganyen bedi, ɗan maraƙi yana kuka. Duk sanda ta yi ƙasa da murya, saitin nan mai daidaita kansa sai ya buɗe kunne ya kwaso duk abin da ke tsakar gidan. Su ne ke rawa a allona. Taku kaɗan ne tsakanina da turmin nan, in tashi in tura shi cikin ɗaki da ƙafa ma ya isa. Na zauna ina lissafin yadda za ta ɗauke ni in ta ga inuwata a labule, har rana ta take tsaka, har na ji ta yi gyaran murya ta ce shi ke nan.

Washegari da safe na rufe shago na sa hedifon. Gaisuwar ta fito. Bayanta sai shuuu, da kaji, da taɓarya, da maraƙi, can ƙarƙashinsu wani abu mai hawa da sauka wanda ka san mutum ne amma ba ka kama ko kalma. Akwai inda ya tsaya na ɗan lokaci ya ci gaba da rawa, na san kuka take yi. Na rikice, na hau gyara. Na sa abin share hayaniya, ya rage kaji ya rage ta. Na ƙara, na ƙara, har komai ya koma kamar ana magana a cikin tulu. A cikin ruɗewar nan na danna ajiyewa a kan na asalin, ban ware kwafi ba. Da na bar shi yadda yake, wataƙila da kayan aikin zamanin nan naku sun tsamo wani abu. Ni da hannuna na rufe wannan ƙofar ma. Kuma da yake can gindin bedi na zauna, kunnena ma bai riƙe komai da zan ba ki ba.

Allah ya ba Inna lafiya ta tashi. Da na koma a makon na ce an samu matsala, da ta sake, ko da ranta bai so ba. Ban koma ba. Buba ya zo ya ce tana tambaya ko ya kamu, na ce ya kamu. Duk shekara sai ta aiko a tambaya ko an ba yarinya, in ce sai ta ƙara wayo. Da kika gama sakandare uzuri ya ƙare mini, sai na ce masa an ba ki, kin ji. Na roƙe shi kada ya tayar miki da zancen, wai abin ya taɓa ki da yawa. Ƙarya a kan ƙarya na yi wa tsohuwar da ta amince da ni, na kuma hana ki abin da yake haƙƙinki. Ina jin kunyarki, Ummi, kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na neman ki ce ba komai.

Abin da ya gagare ni ke ba zai gagare ki ba. Ke jikarta ce, abokiyar wasanta, kina hawa gadonta kina ƙwace mata goro tana ce miki kishiya. Ki yi amfani da wannan. Ki cika batir tun daga gida. Ki tafi da hantsi ki juyo kafin la'asar, kin san halin hanya yanzu. In kin shiga ki sa a kore kaji, a roƙi maƙwabta su jinkirta daka, ki saki labule. Makirufo ya zauna taƙi ɗaya daga bakinta, ki ɗan karkatar da shi gefe don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Ki kashe ƙarin ƙarfin nan, ki kashe mai daidaita kansa, ki kashe mai share hayaniya, duk ukun, domin a wurinsu muryar tsohuwa mai rauni da hayaniya kusan ɗaya ne. Ki ɗauki shirun ɗakin na ɗan lokaci ki saurara, in kin ji huci ya yi yawa ki rage ƙarfi ki matso da makirufon. Matsowa ita ce gyaran farko, murɗawa tana bayanta.

Kada ki saita a kan gaisuwa ko a kan tsokanar da za ta yi miki. Ki ja ta da zancen shanunsu na da, da sunayen da suke ba su, ki jira muryar ta kwanta, a nan za ki daidaita, ki bar ɗan fili a sama ko za ta yi dariya ko tari. Ki ɗauki kaɗan ki mayar ki ji, ki sa mata ita ma ta ji, za ta ce wannan tsohuwar wace ce. In ta shiga zancen na gaske muryar ta ƙara sauka, kada ki taɓa ma'auni, ki matsa da hannunki a hankali. Hedifon a kunne ɗaya, ɗayan ki bar mata shi a buɗe, ki saurare ta kamar babu kwamfuta a ɗakin, allo kuwa ki riƙa satar kallonsa kawai. In ta yi shiru kada ki tsayar, kada ki cike mata shirun da tambaya. In ta ce ki kashe, ki kashe. Da kun gama, kafin ki gyara ko da numfashi ɗaya, ki zuba kwafi a filas na kwamfuta, ki zuba wani a wayarki, na asalin kuma kada hannunki ya sake hawa kansa.

Can Kaduna ma za ki gamu da irin wannan. Za a tura ki gaban manya, masu rawani da masu muƙami da malaman da kike jin nauyi, makirufo ya yi nisa ko waya ta saki, zuciyarki ta ce ki bari kada a ce ba ki da kunya. Ki ce a gafarce ki, ki tashi ki gyara. Ban ce ki zubar da kunya ba, da ita na raine ki kuma ina alfahari da hakan. Amma ranar nan a Ɗantutture ba Inna na girmama ba, kaina na kare, don da ita na girmama da na tabbatar maganarta ta isa inda ta aike ta.

Shekaranjiya na je. Na ga bai kamata in tura ki ki tarar da ƙaryata a shimfiɗe ba, ki rasa ta inda za ki fara. Na sami Buba a bakin garke na gaya masa komai. Sai ya ce in biyo shi. Ya shiga ɗakin Inna, ni na durƙusa a waje jikin bango kusa da ƙofa, kusancin da ban taɓa yi ba. Na ce masa ba sai ya isar ba, da bakina zan faɗa. Na faɗa, tun daga turmi har zuwa ƙaryar da na yi cewa kin ji.

Sai Inna ta yi magana, da Buba take yi kamar yadda ta saba, amma don in ji.

"Buba, hwaɗa ma baban Ummi na sani. Duk salla in ɗiyar nan ta shigo ina duban idonta. Da ta ji abin da na ce, da ba haka za ta dube ni ba."

Shekarun nan duk ta sani, tana aiko da tambaya tana ba ni hanyar da zan faɗi gaskiya, ni kuwa ina mayar mata da ƙarya. Buba ya tambaye ta ko za ta iya sakewa. Ta yi tari, ta nemi ruwa, na ji ƙarar kwanon sha.

"Ta taho. Amma ta matso da abin kusa, muryar ba ta kai ta da ba." Ta ajiye kwanon. "Shi ma ya shigo ya zamna inda zai ji. Matarshi ce."

Saboda haka ni zan kai ki. Ban san yadda zan ɗaga labulen nan ba, amma zan ɗaga. Ke ki riƙe makirufo da allo, kada ki dube ni.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da kwana har mu isa. Allah ya jiƙan Rabi, ya haskaka kabarinta. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki a hanya da masauki, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. In kin karanta, ki same ni a zaure ki gaya mini ranar da kika zaɓa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sada